Matakan da na bi wajen sayen bas mai dizal mai ja da taya huɗu, daga duba takardu har fitowar rajista

Bas mai injin dizal da ke ja da tayoyinta huɗu, wadda ake zuba mutane a gaba a loda kaya a baya, tana buƙatar bincike iri uku kafin a biya kuɗinta: na inji, na tsarin da ke kai ƙarfi ga tayoyin, da na nauyin da doka ta yarda ta ɗauka. Ta hannu na saya, kuma abin da ya sauƙaƙa mini shi ne jera binciken daga mai araha zuwa mai tsada, ta yadda motar da za ta faɗi za ta faɗi tun kafin na kashe mata kuɗin gareji.

Tun kafin na je ganin kowace mota na tantance irin tsarin da nake so, domin rubutun 4x4 da ke ƙofar baya ba abu ɗaya yake nufi ba. Akwai wanda direba ke sawa da maɓalli, irin na Mercedes Sprinter na da, wanda ke raba ƙarfi kashi 35 gaba, kashi 65 baya, wasu ma har da giyar ƙarfi ta hawan tudu. Akwai wanda kullum a haɗe yake, irin na Toyota Hiace da aka fara ƙerawa a 2004, mai wani akwati a tsakiya cike da ruwan silikon mai kauri, wanda ke riƙewa idan tayoyin gefe ɗaya suka fara sulɓi. Sai na uku, irin na Volkswagen Transporter 4Motion da wasu motoci da dama, inda tayoyin gaba ne ke ja, idan kwamfutar mota ta ga buƙata sai wani ƙaramin famfo ya matse kuloci mai faifai da yawa ya tura ƙarfi baya. Kowanne da yadda ake gwada shi da man da yake sha. Wadda na ƙare a kanta mai tsari na uku ce, don haka bayanin gareji zai fi karkata can.

Matakin farko takardu ne, kuma ta waya aka fara. Na nemi mai motar ya turo hoton takardar mallaka, littafin sabis, da ƙaramin farantin da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin bonet. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, kuma babu I ko O ko Q a cikinta, saboda haka duk takardar da ka ga ɗayansu an yi kuskuren kwafa, gara a gyara tun yanzu. Da wannan lambar na sa wakilin kamfanin ya fitar mini da bayanin yadda motar ta fito daga masana'anta: lambar inji, irin giya, ko da gaske mai ja huɗu ce, da yawan kujeru. A nan mota ɗaya ta faɗi ba tare da na taka ƙafa ba. An ƙera ta da kujeru uku a matsayin motar kaya, wani ya huda bene ya ɗaura benci biyu, takardarta kuwa har yanzu uku take cewa. A tsarin rabe-raben motoci na Turai, wanda ƙasashe da yawa ke bi, M1 motar mutane ce mai kujeru da ba su wuce takwas ba ban da na direba, N1 kuma ta kaya ce da nauyinta bai wuce kilo 3,500 ba. Ajin da aka rubuta yana shafar kuɗin inshora da sau nawa za a riƙa kai ta gwaji.

Wadda takardunta suka yi daidai, na roƙi mai ita kada ya tayar da ita kafin na iso. Da na isa da safe sai na fara ɗora hannu a kan inji. Ya ce, "Malam, ai ko makulli ban sa mata ba." Gaskiya ya faɗa, ƙarfen da sanyinsa. Amfanin wannan shi ne injin dizal da ya gaji yana ɓoye lahaninsa idan ya ɗumama. Kafin a murɗa makulli na matsa babban tiyon lagireto: ya kamata ya yi laushi bayan ya kwana, idan ya yi tauri to iskar silinda na kutsawa cikin ruwa ta gasket. Na zare sandar gwajin mai. Mai ya yi baƙi a injin dizal ba laifi ba ne, abin tsoro shi ne mai ya haura alamar sama yana warin dizal. Na cire murfin roba na saman inji na haska gindin kowace injekta da tocila, ina neman wani baƙin abu mai kama da kwalta, wanda ke taruwa idan woshar tagulla da ke ƙarƙashin injekta ta fara yoyo. Babu. Ta tashi a bugu ɗaya, da ɗan farin hayaƙi da ya ɓace cikin daƙiƙu kaɗan. Farin da ya ƙi tafiya yana warin ɗanyen mai yana nuna hita fulogi ko injekta, shuɗi yana nuna inji na ƙona baƙin mai, baƙi kuma mai ya fi iska yawa. Daga nan na kwance murfin zuba mai na ɗora shi sakwa-sakwa a bakinsa inji na aiki. Ya ɗan yi rawa ya zauna. Da ya yi tsalle hayaƙi na bulbulowa, da zoben fistin sun tafi, kuma da a nan zan yi sallama.

Mataki na uku na'urar kwamfuta ce, kuma ba ƙaramar nan da ke karanta laifin inji kaɗai ba. Na ɗauko bakanike mai na'urar da ke shiga kowane sashe, har da na ja huɗu da na birki. Kuɗin zuwansa bai kai na taya ɗaya ba. Abin da muka fi daɗewa a kai shi ne matatar hayaƙi da ake kira DPF, wadda ke tare baƙin toka a cikin salansa, lokaci-lokaci kuma inji ya ɗaga zafinta zuwa wajen digiri 600 ya ƙone abin da ta tara. Na'urar ta nuna yawan tokar, kilomita nawa aka yi tun ƙonawar ƙarshe, da bambancin matsin iska gabanta da bayanta. Wannan matsin dole ya hau idan aka taka totur. Idan ya tsaya kusa da sifili komai gudun inji, an fasa cikin matatar an zubar, an kuma yi wa kwamfuta dabara ta yi shiru. Gwajin yatsa ma na taimakawa: bakin salansar mota mai lafiyayyar DPF ba ya baƙanta yatsa sosai. Mun duba gyaran da kwamfuta ke yi wa kowace injekta don inji ya daidaita, na silinda ɗaya ya ɗan fi sauran amma bai fita iyaka ba. Mun kuma gwada kilomitan da ke dasbod da waɗanda wasu sassan suka ajiye a ƙwaƙwalwarsu, suka zo ɗaya. A sashen ja huɗu ne muka tarar da laifi a ajiye: famfon kulocin baya ba ya kai matsin da ake so. Babu fitilar gargaɗi ko ɗaya a dasbod, shi ya sa mai motar bai ma san da shi ba.

Gwajin hanya ya tabbatar da hakan. A kan kwalta ba za ka taɓa ganewa ba, motar na tafiya lafiya lau da tayoyin gaba. Sai muka sami gangare mai tsakuwa, na tsaya a tsakiyarsa na tashi da ƙarfi, bakanike na tsaye a gefe yana kallo. Tayoyin gaba suka yi ta watsa tsakuwa, na baya suna bin su kawai. A fili kuma na karya sitiyari har ƙarshe na zagaya a hankali, hagu da dama. Ƙas-ƙas daga gaba alamar kan shaf ne, motar ta riƙa tirjewa tana tsalle kuma alamar tsarin tsakiya ya ƙame, abin da aka fi gani a masu ruwan silikon da suka sha zafi. Tawa ba ta yi ko ɗaya ba. A babbar hanya na saki totur a gudun kilomita 80 zuwa 100 ina sauraron kukan difarenshal da girgizar farfela, wato sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya, sannan da na kashe inji na kasa kunne ko fulaywil zai yi ƙarar kwaram-kwaram, don irin mai ɓari biyu da ake sa wa waɗannan motocin yana da tsada.

Daga nan sai gareji mai na'urar ɗaga mota, inda muka ɗan jira layi. Abu na farko da na leƙa shi ne ko farfelar da ke tafiya daga gaba zuwa baya tana nan, domin akwai masu cire ta idan tsarin ya lalace su sayar da motar haka nan, ba a kuma cinikin biri a sama. Tana nan. Na kama ta na jijjiga kusa da boris ɗin tsakiya, robarsa ta tsattsage amma ba ta rabu ba. Robobin kan shaf mota irin wannan takwas take da su, huɗu gaba huɗu baya, kuma ɗaya ta baya ta yage ta fesa giris a jikin ƙarfe. Akwatin da ke juya ƙarfi daga giyabos zuwa farfela a bushe yake, haka difarenshal na baya. Wani abu da ke ruɗin mutane a nan: idan aka ɗaga tayoyi huɗu aka sa giya, na baya kan juya ko da kulocin ya mutu, saboda ɗan jan da mai ke yi tsakanin faifan ya isa ya juya tayar da ba ta ɗauke da komai. Mai motar ya nuna mini su suna juyawa yana murmushi, sai bakanike ya ce masa, "Maigida, a iska ne suke juyawa, a ƙasa mun gani ba sa yi." Na bi ƙarƙashin da guduma ƙarama ina ƙwanƙwasa wurin ɗora jak, matakin ƙofar gefe mai zamewa, da mazaunin sifirin, wuraren da tsatsa ke fara ci.

Tayoyi sun cancanci a tsaya a kansu, don a mota mai ja huɗu su ma ɓangare ne na giya. Dole huɗun su zama girma ɗaya, gara ma kamfani ɗaya da zane ɗaya, kuma zurfin zanensu ya yi kusa da juna. Lissafin mai sauƙi ne. Taya mai lamba 215/65 R16 kewayenta ya kai wajen mita 2.15, tana juyawa kusan sau 464 a kilomita ɗaya. Idan na gaba sun fi na baya sudewa da milimita 3, kewayensu ya ragu da kusan milimita 19, wato a kowace kilomita suna ƙarin juyi huɗu. Tsarin tsakiya yana ɗaukar wannan a matsayin sulɓi, sai ya yi ta riƙewa yana zafi ba hutu. Sannan dole a ga harafin C bayan lambar, alamar tayar ɗaukar kaya. Wadda aka rubuta wa 109/107 tana ɗaukar kilo 1,030 idan ita kaɗai ce a gefenta. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT mako da shekarar ƙira ne. A motar nan na tarar da biyu na ƙaramar mota ne a baya, ba C, don haka tayoyi huɗu suka shiga lissafin ragi.

Matakin da kusan kowa ke tsallakewa shi ne sikeli. Na cika tanki, muka je sikelin manyan motoci, aka auna ta ba kowa a ciki, sannan aka auna gaba daban baya daban. Layin farko na farantin nan ya ce kilo 3,200, wato iyakar nauyinta da komai da komai. Layi na biyu nauyinta ne haɗe da tirela, na uku da na huɗu kuma iyakar aksil na gaba da na baya. Sikeli ya nuna 2,280. Saura 920. Mutum tara, a lissafa kowanne kilo 75, sun cinye 675, abin da ya rage wa kaya 245 ke nan. Jikina ya ɗan yi sanyi a wurin, domin filin bayan motar zai ɗauki ninkin haka sau uku ido na gani. Kayan ja huɗu kansu sun ci kilo ɗari ko fiye, benci kuma kowanne da nauyinsa. Mafita ita ce idan ranar kaya ce a cire bencin ƙarshe, a kuma jera masu nauyi a gaban aksil na baya, saboda ana iya wuce iyakar aksil ɗin tun jimillar ba ta cika ba.

Da takardar sikeli da jerin gyare-gyare a hannu muka zauna ciniki, kuma bai ɗauki lokaci ba tunda kowane ragi da hujjarsa. A yarjejeniyar sayarwa na tabbatar an rubuta lambar shasi, lambar inji, kilomitan da ke dasbod, yawan kujeru, ranar da sa'ar miƙa makulli, da cewa babu bashin banki a kanta. Na karɓi makullai biyu na gwada kowanne, na karɓi rasit, da kwafin shaidar mai sayarwa wadda sunanta ya yi daidai da na takardar mallaka.

Ban kai ta gwajin hukuma kai tsaye ba, gareji ta fara komawa, kuma da dalili. A gwajin hayaƙi ana taka totur har ƙasa ba giya, inji ya kai ƙarshen gudunsa, kuma tsohon belin taimin a nan yake tsinkewa. Littafin sabis bai nuna an taɓa canza shi ba, don haka aka sa sabo tare da famfon ruwa da boris ɗin da ke ɗaure shi. An yi juye da mai mai ƙarancin toka, ajin ACEA C3 kamar yadda littafin motar ya nema, saboda man manyan motoci na gargajiya yana toshe DPF da tokar da ba ta ƙonewa. An canza matatar dizal, aka tsiyaye ruwan da ya taru a gindinta. Wannan ba abin wasa ba ne ga injin da famfonsa ke tura mai da matsin bar 1,600 zuwa 2,000, ɗan ruwa ko ƙasa ya isa ya cinye injekta. An kuma canza man birki, wanda ake so a sabunta duk shekara biyu.

Aikin kulocin baya na tsaya a kansa da kaina. Da aka zare ƙaramin famfon, ragar da ke bakinsa ta toshe da wani toka-toka mai kauri, garin faifan kuloci da ya cakuɗe da tsohon mai. An wanke ta, aka sa sababbin zoben roba, aka zuba man da aka yi don wannan kulocin kaɗai, wanda bai kai lita ɗaya ba, sannan aka tayar da famfon ta kwamfuta aka sake cikawa. Ana so a yi wannan wajen kowace shekara uku ko kilomita 60,000, amma da yawa ba su san akwai mai a wurin ba. Hatsarin aikin shi ne kulocin da difarenshal a jiki ɗaya suke, kowanne da nasa noti na zubarwa da na cikawa, kusa da juna. Wanda bai sani ba sai ya zubar da man difarenshal ya ƙara wa kuloci, motar ta fita da difarenshal a bushe. Na sa aka yi wa notocin alama da alli kafin a taɓa su. Jira mafi tsawo a duk harkar nan shi ne na boris ɗin farfela, wanda sai da aka yi odarsa. Da muka koma gangaren nan mai tsakuwa, ta tashi ba tare da taya ɗaya ta yi sulɓi ba.

A wurin gwajin lafiyar mota na je da takardar mallaka, yarjejeniyar sayarwa, shaidata, da rasit na kuɗin gwaji, wanda a wata taga daban ake biya kafin a shiga layi. Tun a bakin ƙofa na gaya wa jami'in cewa mai ja huɗu ce. Dalili shi ne injin gwada birki yana juya aksil ɗaya ne ɗayan na tsaye, kuma hakan na iya wahalar da tsarin tsakiya ko ya fizgo motar daga kan na'urar. Ana da yanayin da ake juya tayar hagu gaba ta dama baya don farfela ta zauna shiru, ko a gwada a hanya da ma'aunin tsayawa. Jami'in ya daɗe a kan kujeru fiye da komai: ya ƙirga su ya duba takarda, ya ja kowane bel da ƙarfi ya ga ya kulle, ya leƙa ƙasa ya ga an ɗaure benci a ramukan masana'anta. Ya tambayi shingen da ke raba mutane da kaya da zobban ɗaure kaya a bene. Abu ɗaya ya mayar da ni a kansa, saitin fitilar gaba ta hagu, aka gyara a ranar aka sake dubawa ba tare da sabon biya ba.

Inshora ta zo kafin rajista, don sai da takardarta ake karɓar fom. Na faɗa musu yawan kujeru da cewa za ta ɗauki kaya, kuma na sa an rubuta, domin ɗaukar fasinja don kuɗi aji ne daban, wanda ya ɓoye kuma ranar hatsari ba za a biya shi ba. A ofishin rajista an sake fitowa an duba lambar shasi a jikin ƙarfe. Da aka miƙo takardar na karanta ta a tsaye a gaban tagar, harafi-harafi, musamman lambar shasi, nau'in mai, kujeru da nauyi, saboda gyara a lokacin minti kaɗan ne, bayan an tafi kuwa sabon fom ne da sabon layi.

Abin da ya rage na yau da gobe ne. Mota mai DPF tana son dizal mai ƙarancin farar wuta, irin wanda Turai ta tsayar a kashi 10 cikin miliyan, Amurka kuma 15. Wanda ba ya samun irinsa a inda yake gara ya nemi tsohon inji marar DPF tun farko. Gajerun tafiye-tafiye ba sa barin matatar ta ƙone tokarta, don haka idan ka tsaya ka ji fanka na ta gudu, inji ya ɗan ɗaga murya, ga warin zafi, tana cikin ƙonawa ne, ka ƙara mata tafiyar minti 15 zuwa 20 kafin ka kashe. Yawan katse ta shi ke tura dizal cikin baƙin mai. Idan motar na shan AdBlue, ruwan da ake fesa wa hayaƙi a salansa don rage gubarsa, tankinsa daban yake, kada digo ya shiga tankin mai, kuma idan ya ƙare inji ba zai sake tashi ba bayan an kashe shi. Ina musanya tayoyin gaba da na baya duk kilomita 10,000 don su sude tare, safaya ma girmansu ɗaya. Idan kuma ta lalace a hanya, a ɗora ta gaba ɗaya a bayan motar ɗauka, kada a yarda a ɗaga tayoyi biyu a ja ta biyu na birgima a ƙasa.